Shekara Takwas da Kashe Ƙanena, Sai Yanzu Shaida Ya Bayyana

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. A watan Maris na 2017 aka tsinci gawar ƙanena a cikin kwalbati a hanyar Gwagwa zuwa Karmo, da sukan wuƙa a wuya da ƙirji. Katako yake sayarwa a kasuwar Dei-Dei. Ranar da ya ɓace, bayan magariba ya fita tare da wani abokin cinikinsa wanda ƙanen nawa yake bi kuɗi. 'Yan sanda sun kama mutumin, ya yi kusan mako uku a hannunsu, an kai shi kotu sau ɗaya, daga nan sai ganin sa muka yi a kasuwa yana harkokinsa. Mun yi ta sintiri har muka gaji, daga baya aka ce mana an yi wa ɗan sandan da ke riƙe da maganar canjin wurin aiki. Mahaifinmu ya ce a bar wa Allah, kuma a kan haka ya rasu. To watan jiya wani da ya taɓa yi wa mutumin yaron shago ya zo wurin mahaifiyarmu yana kuka, ya ce ya san abin da ya faru a daren, kuma abin ya hana shi sakat. Shin lokaci bai ƙure mana ba? Ba a yi wa gawar binciken likita ba, a ranar muka yi jana'iza. Wasu dangi kuma suna cewa a kira mutumin gaban dattawan kasuwa ya biya diyya a rufe magana. Daga 'yar'uwarka a Gwagwa, Abuja.

Amsa:

Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan ƙanenki da mahaifinku, Ya ba Hajiya haƙuri.

Lokaci bai ƙure ba. Kisan kai ba ya cikin laifukan da doka ta yanka wa wa'adi a Najeriya. A Abuja dokar hukunta laifuka ta Final Kod ce ke aiki, sashe na 221 ne ya yi magana a kan kisan da hukuncinsa kisa ne, kuma ko shekara talatin aka yi ana iya gurfanar da mutum a Babbar Kotu. A nan garin ma kin ga misali. Matasan nan shida na Apo da 'yan sanda suka kashe a watan Yunin 2005, sai ranar 9 ga Maris 2017 Babbar Kotun Abuja ta yanke hukunci, ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami uku. Kusan shekara goma sha biyu ke nan. Amma kada in yi miki daɗin baki. An kashe Bola Ige a gidansa a Ibadan ranar 23 ga Disamba 2001 yana kan kujerar Ministan Shari'a na ƙasa, waɗanda aka gurfanar duk an sallame su, har yau ba wanda aka hukunta. Doka ba ta tsufa, hujja ce take tsufa. Shaidu suna mutuwa, suna mantuwa, suna ƙaura, takardu suna ɓacewa.

Kafin ki taka ko'ina, akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki: "an kai shi kotu sau ɗaya." Wace kotu, kuma me aka rubuta a ranar? Fitowar mutum daga hannun hukuma iri-iri ce, a idon dangi duk ɗaya ne, a idon doka kuwa akwai rata mai nisa. Ana iya ba shi beli, ana iya korar ƙarar a sallame shi don masu gabatar da ƙara sun daina zuwa, ana kuma iya yin shari'a a wanke shi. Biyun farko ba su hana a sake kama shi gobe. Na ukun ne matsala, domin sashe na 36(9) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake yi wa mutum shari'a a kan laifin da kotu mai hurumi ta riga ta wanke shi. A yadda kika ba da labari, zuwa ɗaya ba zai zama shari'ar kisa ba. Mafi rinjayen zatona an kai shi gaban majistare ne don a sami izinin ci gaba da tsare shi, kuma majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar kisa. Sai dai ba a gina ƙara a kan zato. Lauya ya je rajistar kotun, ya nemi kwafin abin da aka rubuta, mai hatimi da sa hannun magatakarda.

Daga nan sai neman fayil. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 376, ta ce laifin da ya fi ƙarfin majistare, 'yan sanda su tura fayil ofishin Antoni Janar don neman shawarar lauyoyin gwamnati, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14. Tun da Abuja ba jiha ba ce, Antoni Janar na Tarayya ne naku, ta hannun Daraktan Gabatar da Ƙararraki da ke Ma'aikatar Shari'a. To fayil ɗin ƙanenki yana ɗaya daga wurare uku: ko bai taɓa barin caji ofis ɗin da aka fara kai ƙara ba, ko ya maƙale a sashen binciken kisa na CID na rundunar Abuja, ko ya je ma'aikata ya kwanta. A irin waɗannan lamurra, a nan tsakanin 'yan sanda da ma'aikata na fi ganin magana tana mutuwa. Ba lallai sai an ci hanci ba. Sau da yawa IPO, wato ɗan sandan da ke riƙe da binciken, shi ne aka mayar wata jiha, wanda ya gaje shi kuma yana da sababbin gawarwaki a gabansa.

Na taɓa bin wani fayil na kusan shekara shida a wani ofishin 'yan sanda da ba zan ambata ba. Bayan zuwa huɗu aka buɗe mini wani ɗan ɗaki a baya, fayiloli a ɗaure da igiya an jibge su a kan tsofaffin tayoyi da baburan da aka kama. Muka same shi can ƙasa. Ruwan rufi ya taɓa gefe, gara ta ci kusurwa, amma jawabin shaidu uku yana nan ana iya karantawa, har da hotunan gawa biyu da aka maƙala da tsatsattsiyar allura. Sajan ɗin da ya ɗaga mini ya ce, "Barista, wallahi ba wanda ya taɓa tambayar wannan." Gaskiya ya faɗa. Dangin sun yi ta zuwa, amma da baki suke tambaya.

Don haka komai a rubuce. Takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sandan Abuja, ana neman a sake buɗe bincike saboda sabon shaida, a kuma miƙa maganar ga sashen binciken kisa. A sa ranar da abin ya faru, sunan ofishin da aka fara kai ƙara, sunan IPO in kuna tunawa, kotun da aka je. A yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan kwafin mai hatimi ki adana shi kamar takardar fili. In aka yi wata guda shiru, sai a rubuta wa Sufeto Janar, a nemi CID na ƙasa da ke Area 10 a Garki su karɓi binciken, a aika wa Antoni Janar kwafi. Sashe na 174 na kundin tsarin mulki ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wani. Za a iya ce muku ku kawo kuɗin mai. Doka ba ta ɗora muku wannan ba, kuma shi ya sa na fi so lauya ya riƙa raka ku.

Yanzu yaron shagon, wanda shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. "Na san abin da ya faru" ba shaida ba ce tukuna. Ta yaya ya sani? In da idonsa ya gani, ko ya ga maigidansa ya dawo cikin dare da jini a riga, ko an sa shi ya wanke mota, wannan shaida ce mai nauyi. In maigidan ne da bakinsa ya gaya masa cewa shi ya yi, wannan ma kotu tana karɓa, domin Dokar Shaida ta 2011 tana ɗaukar furucin wanda ake tuhuma a matsayin iƙirari ko a wane lokaci ya yi shi. In kuwa wani ne ya gaya masa wani ya ce, to jita-jita ce, sashe na 38 ya rufe mata ƙofa, sai dai ta zama fitilar da za ta kai 'yan sanda wurin wanda ya gani.

Kada ku zaunar da shi a tsakar gida dangi su yi ta yi masa tambayoyi, kowa yana cika masa gurbi. Ranar shari'a lauyan wanda ake tuhuma zai tambaye shi sau nawa ya zauna da ku, wa ya ba shi kuɗin mota, me ya sa ya yi shiru shekara takwas, ko faɗa suka yi da maigidansa. Tsoro amsa ce da alƙali zai iya fahimta, musamman ga yaron da yake ci a ƙarƙashin mutum. Labarin da ya canza sau biyu kuwa ba ya tashi. Ku haɗa shi da lauya, ya faɗa sau ɗaya, a rubuta, sannan lauyan ya raka shi ya ba 'yan sanda jawabi. Akwai dalili na biyu: in ya taimaka wajen ɓoye wani abu a daren, shi ma yana iya shiga tuhuma, kuma haƙƙinsa ne ya san haka kafin ya buɗe baki. Hakan bai hana shi zama shaida ba. Sunansa kuma kada ya fita kasuwa. Dei-Dei ba ta riƙe sirri.

Rashin binciken gawa bai kashe ƙarar ba. Kotunan Najeriya sun daɗe da yarda cewa inda dalilin mutuwa ya fito fili, kamar sukan wuƙa a wuya, ba dole sai da rahoton likita ba. Waɗanda suka ɗauko gawar, da waɗanda suka yi mata wanka suka ga raunukan, duk shaidu ne, ku rubuta sunayensu tun suna raye. Haka wanda ya gan su sun fita tare bayan magariba, domin akwai ƙa'idar da ta ce wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci, shi zai yi bayanin inda suka rabu. Littafin bashin ƙanenki, in yana nan, ku nemo shi. Tsohuwar wayarsa ma, kada a ba yara, kada a kai ta wurin mai gyara. Bayanan kira daga kamfanin waya kam kada ki sa rai sosai, shekara biyu kawai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta musu ajiyewa, sai fa in 'yan sanda sun karɓo tun a 2017 suna cikin fayil. Tono kabari doka ta ba da hanyarsa, amma bayan shekara takwas, kuma da halin da Hajiya za ta shiga, ba zan ba da shawararsa ba sai masu bincike sun nuna takamaiman abin da suke nema.

In hukuma ta ƙi motsi fa? Lauya Gani Fawehinmi ya kai maganar kisan ɗan jarida Dele Giwa, wanda bam ɗin wasiƙa ya kashe ranar 19 ga Oktoba 1986, har Kotun Ƙoli, kuma a 1987 ta ce yana da hurumin neman a gurfanar da waɗanda yake zargi. Yau lauya mai zaman kansa yana iya neman takardar izini daga Antoni Janar ya gabatar da ƙarar da kansa. Tilasta wa 'yan sanda ta hanyar kotu ya fi wuya, don a wata ƙarar ta Fawehinmi a 2002 Kotun Ƙoli ta ce suna da 'yancin auna yadda za su yi bincike. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Maitama, koke a can kyauta ne. Kotun ECOWAS ma a Abuja take, kuma a 2014 ta kama gwamnatin Gambiya da laifin rashin yin binciken kirki a kan kisan ɗan jarida Deyda Hydara. Sai dai ita gwamnati take hukuntawa, ba ta ɗaure mai kisa. Wannan zangon ƙarshe ne, ba ku kai can ba.

Maganar diyya a gaban dattawan kasuwa, na san daga inda ta fito, kuma a Musulunci magada suna da haƙƙin yafewa ko karɓar diyya. Amma a Abuja ba a zartar da haddi da ƙisasi, kotunan Musulunci a nan aure da gado da makamantansu suke saurara. Kisa laifi ne ga hukuma, sulhun dangi ba ya rufe shi, karɓar kuɗi don a binne magana kuma yana iya jefa ku cikin tuhuma. Abin da ya fi wannan haɗari, ranar da kuka kira mutumin kun gaya masa akwai shaida, kuma zai gane ko wane ne kafin ya gama zama. Haka rubuta sunansa a Facebook: zai gudu, ko ya riga ku zuwa kotu da ƙarar ɓata suna, tun da har yanzu a idon doka ba shi da laifi. In an same shi da laifi, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ba alƙali ikon sa shi ya biya iyalan mamaci diyya a cikin hukuncin. Ƙarar neman diyya daban kuwa tana da wa'adi gajere, shekara takwas ta yi mata yawa, don haka kada ki dogara da ita.

A wannan makon abu biyu nake so ki yi. Ki kai yaron wurin lauya, ke da shi kaɗai. Sannan ki zauna da Hajiya ku buɗe jakar takardun marigayi Baba, wataƙila akwai ɗan guntun takarda da aka rubuta lambar ƙara ko sunan kotun a kai. Dattawa ba su cika yar da irin wannan ba, ko da sun ce an bar wa Allah.