Launukan mai zane a jadawalin alƙaluma

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa launuka shida da ka ciro daga zanen igiyar ruwa na mai zanen Japan Hokusai suka yi kyau a jikin hoton, amma da ka zuba su a jadawalin ginshiƙai mai rukuni shida sai masu karatu suka kasa gane wanne ne wanne. Kai da mai zanen ba buƙatarku ɗaya ba. Shi yana so launukansa su saje da juna. Kai kuwa so kake kowane rukuni ya tsaya da ƙafarsa, kuma kada ɗaya ya danne sauran.

Dubi zanen da kyau. An yi shi a Japan wajen 1831, kuma shuɗi ne ya mamaye shi: mai duhu, matsakaici, mai haske, sai fari-fari da ruwan ƙasa. Idan rukuni uku suka sami shuɗi uku, ido zai karanta su a matsayin kaɗan, da dama-dama, da mai yawa, alhali rukunanka, a ce noma da sufuri da kiwon lafiya, babu na gaba babu na baya. Ka ga jadawalin ya faɗi abin da ba ya cikin alƙaluman. Irin wannan jeri ka ajiye shi don bayanai masu hawa-hawa, kamar matakan shekaru.

Yadda ka ciro launukan ma da matsala. Manhajar da ke tattara ɗigogin hoto da dabarar k-means, wato haɗa masu kama da juna rukuni-rukuni, takan ba ka launukan da suka fi cin fili, wato sararin sama da bango. Ɗan jan da mai zane ya ɗiga a kusurwa, wanda shi ne zai fi yi maka amfani, sai ya ɓace a lissafi. Ka ce mata ta ciro goma sha biyu ko sha biyar, sannan ka tace da idonka: ɗaya daga dangin shuɗi, ɗaya daga ja, ɗaya daga kore, haka dai. Kada ka ji nauyin gyara launi. Ƙara masa duhu ko rage masa kaifi ba cin amanar mai zane ba ne, mai karatu kake wa aiki.

Sai awo. Mayar da kowane launi zuwa ma'aunin launi na CIELAB, ka duba L*, wato haskensa daga 0 zuwa 100. Ni nakan so su zauna tsakanin 35 da 75, da tazarar da ba ta gaza 10 ba tsakanin maƙwabta, kuma a cakuɗa su don kada su jeru daga duhu zuwa haske. Ƙa'idar WCAG 2.1, ta sauƙaƙa wa kowa karanta shafukan intanet, ta nemi bambancin haske na 3:1 tsakanin sashen zane da abin da ke gefensa. Rawaya tsantsa a kan farar takarda ba ta kai ko 1.1:1 ba, shi ya sa rawayar mai zane Mondrian, duk da kyanta, takan ɓace idan aka ja siririn layi da ita.

Kada ka tsallake gwajin makantar launi. Cikin mutanen da asalinsu Arewacin Turai ne, kusan kashi 8 cikin ɗari na maza ba sa rabe ja da kore sosai, kuma matsalar tana ko'ina a duniya. A manhajar lissafin alƙaluma ta R, kunshin colorspace yana da deutan() da protan(), masu nuna yadda mai makantar launi ke gani, da desaturate() mai mayar da launi ruwan toka. Bi da launukanka ta cikin ukun, ka ajiye su gefe da jerin Okabe da Ito mai launi takwas, wanda aka tsara don masu makantar launi, ka kwatanta. Duk biyun da suka haɗe, canza ɗaya.

Idan kana amfani da kunshin launuka na MetBrewer, wanda Blake Robert Mills ya haɗa daga kayan gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, ka kula: in ka nemi launuka fiye da waɗanda jerin yake da su, sai ya cike giɓin da gauraye, ka sami launuka masu dishi-dishi, kusa da juna. Rukuni ya wuce bakwai ko takwas, ba ƙarin launi kake buƙata ba. Haɗa ƙananan a rukunin "sauran" mai ruwan toka, ko ka raba jadawalin gida-gida.

A ggplot2, kunshin zana jadawali na R, ka ɗaure kowane launi da sunan rukuninsa a cikin scale_fill_manual. In ba haka ba, ranar da rukuni ɗaya ya fita daga bayanan, sauran za su gusa, noma ya zama shuɗi a shafi na 3, ja a shafi na 9. Rubuta sunan rukuni kusa da ginshiƙinsa, ka bar siririn farin layi tsakanin sassan da aka ɗora kan juna, sannan ka buga shafi ɗaya baƙi da fari ka kawo mini mu duba tare.