Tambaya da Amsa: Kwamfuta ɗaya, ɗalibai 12

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa. Akwai samari da 'yan mata 12 da suka gama sakandare suna zaune, ina so in koya musu haɗa manhajar waya. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya gare ni, caji kuwa sai a wurin mai sola a bakin kasuwa. Shin abin zai yiwu, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Abin zai yiwu, matuƙar ba ku ɗora yaran a kan kwamfutar tun ranar farko ba. Rabin aikin manhaja a takarda ake yin sa, wato a san wanda zai yi amfani da ita, da matsalar da za ta warware masa, da abin da zai gani in ya taɓa kowane maɓalli. Ku raba su uku-uku, kowane rukuni ya zana fuskar waya a littafi shafi bayan shafi, sannan su kai wa wani dattijo ko wata mai sana'a a cikin gida, su ga ko za a gane zanen ba tare da an yi bayani ba. Wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba shi ne alƙalin da ya fi dacewa, domin irinsa ne mafi yawan masu riƙe da waya a garinku.

Shawarata ita ce aikin farko ya zama lissafin zakkar amfanin gona, saboda duk ɗan manomi ya taso yana jin sa. Manhajar za ta tambayi yawan abin da aka girbe, ta duba ko ya kai nisabi, wato sa'i 300, sannan ta tambaya ko noman damina ne ko na rani da aka yi wa ban ruwa da inji. In ruwan sama ne ya shayar, a fitar da ɗaya cikin 10. In da wahala aka shayar, ɗaya cikin 20. Yaron da ya iya tsara wannan ya riga ya fahimci sharaɗin “in kaza ne, a yi kaza”, wanda a kansa aka gina yawancin shirye-shiryen kwamfuta. Sai dai ku nuna wa limamin garinku lissafin kafin ya fita, musamman wajen mayar da sa'i zuwa tiya ko buhu, tunda awo yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

In an zo kan kwamfuta, ku yi amfani da MIT App Inventor, wani shafin intanet na haɗa manhajar waya. Kamfanin Google ne ya fito da shi a 2010, daga baya jami'ar MIT da ke Amurka ta karɓi kula da shi, kuma kyauta ne. Ana jera umarni kamar tubala maimakon rubuta su, ana kuma gwada aikin nan take a wayar Android. Yana buƙatar intanet lokacin ginawa, don haka kowane rukuni ya zo da zanensa a kammale, kada data da caji su ƙare wajen shawara. Manhajar da aka gama kuwa tana aiki ko babu sabis, kuma ana iya tura ta daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender, ba sai an biya dala 25 ta rajistar Play Store ba. Android Studio, wato shirin da ƙwararru ke haɗa manhajar Android da shi, ku bar shi tukuna, yana da nauyi ga ƙaramar kwamfuta.

Ina roƙon ku da ku sa ido a kan rabon lokaci, domin na sha ganin yadda samari ke mamaye kwamfuta, 'yan mata su koma 'yan kallo, alhali su ne suka fi sanin lissafin adashi da bashin sana'ar cikin gida, waɗanda kowannensu manhaja ce mai zaman kanta. Waɗanda suka nuna ƙwazo ku sa su nemi shiga shirin 3MTT na horar da jama'a kan fasahar zamani, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko su nemi gurbi a cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha da ke Kazaure, su tafi da manhajar da suka haɗa a cikin wayarsu domin a gani.