Kada ki aro murya, ƙanwata: amsa kan shirin gasar mawaƙa ta ƙasa

Salama gare ki, ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, na bari sai da na samu zama sosai, domin ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce mawaƙan majami'arku, mutum 34, sun haye gasar gunduma, nan da wata biyu za ku Jos zagayen ƙarshe na ƙasa baki ɗaya. Babu mai karanta rubutun kiɗa na Turawa a cikinku, dattawa kuma sun kawo shawarar a aro mutum uku masu murya daga babbar majami'ar cikin gari, a kuma ɗinka sabon anko. Kina tambaya ko ki yarda.

Maganar aro, a'a. Na yi sama da shekara 20 ina jagorantar kwaya (kwaya na ce, ba ƙwaya ba, kafin matasan zauren nan su fara), kuma wannan kuskuren da hannuna na taɓa yin sa. Shekarar da muka fara kaiwa matakin ƙasa tsoro ya kama ni, na je na roƙo wata baiwar Allah daga wata majami'a. Muryarta kam, in ta ɗaga, har bakin titi ana ji. Sau uku kacal ta zo koyon waƙa. Ranar gasa ta tsaya a tsakiyar sahun gaba ta buɗe baki, sai sauran matan sofrano takwas, masu muryar sama, suka koma 'yan rakiya, wasu ma motsa leɓe kawai suke yi. Jama'a sun yi tafi har da guɗa. Muka sauko muna ganin kofi ya zo hannu. Da aka ba mu takardar alƙalai, abin da aka rubuta a kai shi ne murya ɗaya ake ji a sama, babu haɗuwa. Muka zo na bakwai cikin tara. Abin da ya fi wannan ciwo ya biyo baya: wata uwa da ta shekara 12 tana share benci kafin kowa ya iso, wadda na mayar sahun baya don baƙuwa ta samu wuri, ba ta sake zuwa ba sai bayan wata biyar, shi ma sai da na je gidanta da kaina na ba da haƙuri. Kayan aro ba ya rufe katara. Ƙari a kan haka, yawancin irin wannan gasa suna neman sunayen 'yan ƙungiya da sa hannun fasto, in wani ya gane baƙonku ya kai ƙara, ana iya soke ku gaba ɗaya.

Tafin jama'a daban, makin alƙali daban. Jama'a ƙarfi suke so da rawa. Alƙali kuwa yana zaune da biro yana sauraron ko kun ƙare a muryar da kuka fara, ko sassa huɗun nan, sofrano da alto da tena da bes, suna jin juna, ko kalmomi suna fita, ko kun san wurin sassautawa. Saboda haka kafin komai ki nemo takardar ƙa'idojin gasar ki karanta wa mutanenki da babbar murya. Minti nawa aka ba kowace ƙungiya? Mutum nawa aka yarda su hau? Waƙar dole, wadda aka ɗora wa kowace ƙungiya, da kiɗa za a yi ta ko baki zalla? Na ga ƙungiyar da ta fi kowa daɗi ta rasa matsayi don ta ƙara baiti ɗaya ta haura lokaci.

Rashin iya rubutun kiɗa na Turawa kada ya hana ki barci. Do re mi ɗin da muke rubutawa a allo da alli ya isa. Wata Baturiya mai suna Sarah Glover ce ta faro tsarin a garin Norwich na Ingila don koya wa yara waƙa, wani fasto, John Curwen, ya gyara shi ya baza shi tun daga wajen 1840, 'yan mishan suka kawo mana. Dama don irinmu aka yi shi, manoma da malaman firamare da masu ɗinki. A Afirka ta Kudu, inda aka fara babbar gasar mawaƙa ta ƙasa a 1978, ƙungiyoyi da yawa da shi suke koyon manyan waƙoƙi. Abin da nake so ki tabbatar shi ne kowa ya san ɗigo biyu na raba bugu, gajeren layi kwance kuma na nufin a riƙe muryar kada a saki. A wurin riƙewar nan ake gane ƙungiyar da ta yi aiki, domin rabi za su saki da wuri su bar mutum uku suna ja.

Yanzu ga inda na fi so ki ɓata lokacinki: zamewar murya. Kin fara waƙa a sama, kafin baiti na uku kun gangaro, bes suna gurnani a ƙasa sun rasa wurin taka ƙafa. Kusan duk ƙungiyar ƙauye da na sani tana da wannan ciwon, kuma yana da dalili. Da yawa daga waƙoƙin da muka tashi da su a gida, na daka da na dandali, a kan muryoyi biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. Fa da ti baƙi ne a kunnenmu. In waƙa ta zo kan ti, sai mutum ya ɗan gaza kaiwa, in ana saukowa kuma ya taka da faɗi fiye da kima. Kaɗan-kaɗan ne, amma in ya taru a baiti huɗu ya zama rami. Ga abin da nake yi. Ina ba da do daga waya, mu yi baiti ɗaya baki zalla, in sake buga do ɗin nan. Ba na cewa komai, kowa ya ji tazarar da kunnensa. Ranar farko dariya za su yi. Daga nan kullum minti goma na farko mi-fa-mi da ti-do-ti kawai muke yi, a hankali, kamar mai lallashin jariri. In waƙar dole tana da fe (fa da aka ɗan ɗaga) ko ta (ti da aka ɗan sauke), ki ware musu yini guda.

Ki kuma daina barin kowane sashe ya dunƙule wuri ɗaya a kowane gwaji. Wani lokaci ki jera su da'ira, ki cakuɗa su, alto kusa da bes, tena kusa da sofrano. Nan take za ki gane masu jingina da maƙwabci. Dokata ɗaya ce: in ba ka jin muryar na kusa da kai, ka yi ƙarfi da yawa. Masu manyan muryoyi ba sa son wannan doka, za su yi ta ƙunƙuni, ki daure.

Sai Hausar kanta. Wannan na koye shi da kunya. Mun taɓa shirya waƙar Kirsimeti tamu, da layin da ke cewa an haife shi a garin Dauda. Karin da na ɗora ya ja gaɓar farko ta gari, muna ta rera gaaarin Dauda da iyakar ƙarfinmu. Bayan sujada wata tsohuwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, Malam, garin Daudan nan na dawa ne ko na masara? Hausa tana da dogon wasali da gajere, in kin ja inda ba a ja, kin canja magana. Waƙoƙin da aka fassaro aka ɗora kan karin Turawa suna yawan faɗawa wannan tarko, a waƙar dole ba yadda za ki yi. Amma a waƙar zaɓi, ku karanta kalmomin da baki tukuna kamar ana hira, ku ji inda harshe ke ja da inda yake tsallakewa, sannan kari ya bi su. Ki kuma kula da ƙ da ɗ da ɓ. Yawancinmu a majami'u Hausa ba ita ce harshen uwa ba, kuma alƙalin da ya san Hausa zai ji bambancin ƙasa da kasa.

A waƙar zaɓin nan, kada ku ɗauko wata babbar waƙar Turanci don ku nuna ku ma kun waye. 'Yan birni masu piyano za su yi ta fiye da ku. Ku kawo abin da kuke yi ranar Lahadi ba tare da tunani ba, da tulunku da cakinku, in ƙa'ida ta yarda. Ki dai ja wa mai tulu kunne, kada ta binne kalmomi.

Anko kuwa, in tsohon bai yage ba, a wanke a goge. Kuɗin ɗinkin a sa shi a mota mai lafiya da masauki. Ku isa kwana ɗaya kafin gasa, kada ku sauko daga mota da ƙura a maƙogwaro ku hau dandamali. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, a watan Disamba sanyin asuba ba wasa ba ne, ga hunturu na busar da murya. Kowa ya riƙe rigar sanyi da gorar ruwa. Abin da ya fi kashe murya kuma ba sanyin ba ne, waƙar cikin mota ce: murna za ta ɗebe su, su yi ta rerawa tun daga tasha har Mararrabar Jama'a da ke kusa da Jos, washegari sofrano duk sun dishe. Ki hana. Masu goyo ki nemo mata biyu daga zumuntar mata su bi ku don riƙon yara, ki sa kujerunsu cikin lissafin mota tun yanzu.

Wata biyun nan sun isa in kun fara a makon nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki rera wa kowane sashe nasa a waya ki tura ta WhatsApp, masu ƙaramar waya su saurara wurin maƙwabta. Sati biyu kafin tafiya ku yi cikakken gwaji a gaban jama'a bayan sujada, da shiga da fita da agogo a hannun wani dattijo. Ki aje waya a bencin ƙarshe ta ɗauki sautin, domin abin da kike ji a gaba ba shi ne ke isa baya ba. In kin ɗauka, ki turo baiti na farko da na ƙarshe nan zauren, zan saurara in gaya miki ko kun zame da kuma sashen da ya fara ja.