Motata ta yi wata biyar a ajiye, man sitiyari ya ragu: me zan zuba, ta yaya zan tayar da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Honda Accord 'yar 2005 mai silinda huɗu, wadda ake kira EOD. Na ajiye ta a gida tun farkon Nuwamba da na tafi kwas Zariya, ta ci hunturu gaba ɗaya ba wanda ya taɓa ta. Da na dawo na buɗe bonet, sai na ga man sitiyari ya sauka ƙasa da layi, ga kuma tabon mai a ƙasa wajen tayar gaba. Maƙwabcina ya ce in sayo jan man giya in cika, wai shi yake zuba wa tasa motar. Ban murɗa makulli ba tukuna. Mene ne shawararka?
Daga wani mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, barka da dawowa. Ka kyauta da ba ka murɗa makullin ba, domin yawancin ɓarnar da ke samun motar da ta daɗe a ajiye a mintunan farko na tayarwa take faruwa.

Kada ka zuba jan man giya a wannan motar. Maƙwabcinka ba ƙarya ya yi ba, ina kyautata zaton Toyota gare shi. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry irin Big Daddy da Muscle, duk man giya samfurin Dexron II ko III kamfanin ya ce a zuba wa sitiyarinsu, galibi ma a rubuce yake a kan murfin. Honda kuwa nata man daban ne, kaurinsa da haɗinsa ba ɗaya ba ne da na giya, kuma littafin motarka ya ce shi za a riƙa zubawa. In ka saka mata ja, ba ranar za ka ga illar ba. Sannu a hankali famfon sitiyari zai fara kuka, sitiyari ya riƙa nauyi da sanyin safiya, robobin ciki su fara sakin mai. Kuɗin da ka tsimi a kan kwalba ɗaya ba zai kai ko kusa da kuɗin famfo ko rak ba, wato sandar ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba in ka juya sitiyari. Ka nemi wanda aka rubuta Honda PSF a jikinsa, yana zuwa a ƙaramar kwalba mai mililita 355, launinsa garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa. In babu a Jega, ka aika Birnin Kebbi ko Sakkwato, kuma ka tabbatar ba a taɓa fasa murfin ba, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Masu Marsandi da Golf da ke karanta wannan su ma su kula: da yawa daga cikin motocin Jamus wani kore suke sha, irin CHF 11S, kuma ba a gauraya shi da ja. Wanda kuma ke da Corolla daga 2009 zuwa sama kada ya wahalar da kansa neman tulun mai, sitiyarinsa na lantarki ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka. Man sitiyari ba ya ƙonewa, ba ya ƙafewa. Zagayawa kawai yake yi daga tulu zuwa famfo, zuwa rak, ya dawo. In ka ga ya ragu, to akwai inda ya bi ya fita, kuma tabon da ka gani ƙila shi ne shaida. Mota mai wajen shekara 20 robobinta sun riga sun tsufa. In tana aiki kullum, ɗumi da motsi suna sa su yi laushi su riƙe mai. Da ta tsaya wata biyar cikin sanyi da bushewar hunturu, sai su sandare, mai ya sami hanya.

Ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin gaban motar, ka ɗauki tocila da tsumma. Ka bi tiyon da ya fito daga kan famfo ya zagaya bayan inji, shi ne mai ɗauke da matsi, kuma ya saba jiƙewa a daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe. Ka shafa ƙasan famfon da yatsa. Sannan ka duƙa bayan tayoyin gaba, za ka ga wata baƙar roba mai ninki-ninki a kowane gefen rak. Matsa ta da hannu. In a bushe take, alhamdulillahi. In ka ji ta cika da ruwa-ruwa, ko mai na ɗiga daga bakinta, to robar cikin rak ta tafi, wannan kuwa aikin gareji ne, ƙarin mai ba zai warkar da shi ba. Launin ɗigon ma yana ba da labari: baƙi ƙirin na inji ne, ja na giya ne, na sitiyarin Honda in ya tsufa ruwan ƙasa yake komawa.

Wajen cikawa, motar ta tsaya a wuri mai daidai, inji a kashe kuma da sanyi. Goge murfin da kewayensa kafin ka buɗe, domin ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, kuma ɗan yashi kaɗan ya isa ya kankare cikin famfo. Zuba har layin sama, kada ka wuce, saboda mai na kumbura in ya yi zafi. In wanda ke ciki ya yi baƙi yana warin ƙuna, zuƙe shi da sirinji ka zuba sabo. Tunda ya sauka ƙasa da layi, mai yiwuwa iska ta shiga. Ɗaga gaban motar da jak, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba, ka saka makulli ya saki sitiyari ba tare da ka tayar da inji ba, sannan ka juya daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama a hankali kamar sau 15 zuwa 20. Za ka ga kumfa na tasowa a tulun, man yana sauka. Ƙara har ya tsaya a layi.

Kafin ka rufe bonet, akwai baƙin da suka yi hunturu a motarka. Buɗe akwatin filtar iska, nan ɓeraye suka fi son yin sheƙa, musamman in akwai buhun shinkafa ko gero a kusa. Duba wayoyi ko an gwaguye su, ka leƙa bakin salansa ko zanzaro ya yi gini. Zaro sandar awon baƙin mai ka ga inda yake, ka duba ruwan lagireto da man birki. Kada ka manta da bel: a injin nan bel guda ne ke juya famfon sitiyari da altaneta da famfon ruwa da na'urar sanyaya mota, in ya tsattsage ya tsinke a hanya duk za su tsaya tare.

Batir kam, ka sa a ranka ya yi sanyi. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, in ya sauka ƙasa da 12 ya zube. Na fi son a cire shi a kai wa mai caji ya kwana, maimakon a haɗa waya da wata mota a bar altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, da dakon cika shi. A kankare farin garin da ya taru a kawunansa. Abin da nake roƙonka ka hana ko da wa ya kawo shawarar shi ne dabarar nan ta tayar da mota da batirin aro, a cire shi inji na aiki a mayar da naka. Wutar na iya yin tsalle ta ƙone kwamfutar motar. In rediyo ya nemi lambar sirri bayan an mayar da batir, kada ka tsorata, haka Honda ta tsara shi.

Fetur ɗin da ya yi wata biyar ya fara rasa ƙarfi. In kaɗan ne a tanki, zuba sabo lita 15 ko 20 a kansa ya wadatar. In ka ji warinsa ya koma kamar na fenti, gara a tsiyaye shi.

To, sai tayarwa. Murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ka saurari ƙarar famfon fetur na daƙiƙa biyu, ka kashe, ka maimaita sau uku. Sannan ka yi bisimilla ka tayar. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, in ba ta kama ba ka huta rabin minti. Da ta tashi, ka ɗauke ƙafarka daga totur. Duk man inji ya gangara ƙasa tsawon watannin nan, yana buƙatar ɗan lokaci ya hau sama. Fitilar baƙin mai ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, in ta ƙi, kashe injin nan take. Bar ta ta yi minti 10 a tsaye a wuri mai iska, kana kallon allurar zafi da kwalin da ka shimfiɗa. Juya sitiyari hagu da dama, amma kada ka danne shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar. In ka ji famfo na kuka da safe, ga kumfa a tulu, alhali mai a cike yake, to wata 'yar robar zobe ce a bakin tiyon da ke shiga famfo take shan iska. Sanannen ciwo ne a wannan samfurin, kuma robar ba ta da tsada. Ka sa a fara canza ta kafin wani ya ce maka famfo ne ya mutu.

Tayoyi sun rage iska, ka cika su daidai da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. In ka bar hambirki a ɗage duk tsawon lokacin, yana iya kamewa, za ka ji ƙas sa'ad da ya saki. Fara zagayawa cikin unguwa kana taka birki a hankali har tsatsar farantin birki ta goge, kafin ka hau titin Kalgo zuwa Birnin Kebbi. A makon farko ka sa a juye baƙin mai da filtarsa, ka kuma riƙa leƙa tulun sitiyari kowace safiya kafin ka tayar. In ya sake sauka, ko da kaurin yatsa ɗaya ne, kai ta wurin bakanike a ɗaga ta a nemo inda yake zuba tun zafin Afrilu bai ƙara buɗe wurin ba.