Kwandalar nan mai alamar X da ka tambaye ni

To ɗana, wannan kwandalar da mutumin ya kawo ma yace a huda a yi masa abin wuya da ita, dan Allah karka taɓa ta da wuta tukuna. In ta gaskiya ce sunanta dinariyus, kuɗin azurfa na Rumawa, sun fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin suna tsakiyar yaƙi da Hannibal, sarkin yaƙin birnin Kartaj na Arewacin Afirka, ga soja ga bashi ga buƙatar abin biyan albashi.

X ɗin da ka gani a bayan kan matar nan mai hular ƙarfe ba ado bane, goma ce a lissafinsu, wato kwandala ɗaya tana daidai da kuɗin tagulla goma da suke kira as, shi kansa sunan dinariyus daga kalmar goma ya fito. Matar kuma ita ce Roma, siffar birnin, in ka juya zaka ga mahaya biyu kowanne riƙe da mashi.

Kuma fa ba zubi sukai ba, bugu ne. A yanko azurfa kamar giram huɗu da rabi, a ɗora kan hatimin da ke kafe a uwar maƙera, a ɗora wani hatimin a sama a sakar masa masaba, shi yasa bakinta baya zagayewa sumul kuma hoton yakan karkace gefe. Kai dai duba gefen, in kaga layin haɗi ko ƴan ramuka kamar na kumfa to zubi ne, jabu ce, kuma akwai jabun a kasuwa wallahi. Ka ɗora a sikeli ma. Amma kar ƙarancin nauyi kaɗai ya ruɗe ka, dan daga baya sun rage shi, Sarkin Rumawa Nero a shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa ya rage nauyin ya ƙara gauraya tagulla, na bayansa suka ci gaba har azurfar ta kusa ƙarewa.

Abin da ke bani dariya kuwa, sunan nan ne Larabawa suka mayar dinari, na zinare, mu kuma muka samu zinariya daga nan. Kuɗin azurfa ya ba zinare suna kenan.

Kace masa in yana son ratayawa zamu kewaye ta da zobe, ba huji. Ka kawo min ita gobe da safe in gani da idona.