Me ya haɗa Saramago da Cocin Katolika?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya haɗa José Saramago, marubucin Fotugal, da Cocin Katolika. Tsohuwar tsama ce. A 1991 ya fitar da ƙagaggen labari kan Yesu, 'yan Katolika suka fusata, aka cire littafin daga wata gasar adabi ta Turai, har ya tattara ya koma tsibirin Lanzarote na ƙasar Spain. A 2009, yana ƙaddamar da littafinsa kan Kayinu, ɗan Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, ya kira Littafi Mai Tsarki jagorar munanan ɗabi'u. Kakakin majalisar bishop-bishop na Katolika a Fotugal ya ce neman talla ne kawai.

Inda ake tafka kuskure: ba coci ce ta cire littafin farko daga gasar Turai a 1992 ba, jami'in gwamnati ne. Kuma labari ba tafsiri ba ne. Don fahimtar labarin Kayinu a Littafin Farawa sura 4, gara ka nemi fada (limamin Katolika) ko malamin tauhidi.