Amsar tambayar Yaya kan tallafin karatun baƙar fata a Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina gida, ina yara? A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ka ce ka ji ana ba baƙar fata kuɗin karatu kyauta a Amurka, in nemo wa babban yaronka fom tunda shi ma baƙi ne. Labarin gaskiya ne, sai dai wanda ya ba ka bai ƙarasa ba.

Ƙungiyoyin suna nan, kuma ba yau suka fara ba. Babbarsu UNCF, asusun tallafa wa kwalejoji da ɗaliban baƙar fata, an kafa ta a 1944, zamanin da yawancin jami'o'in Turawa a kudancin ƙasar ba sa ɗaukar baƙar fata ko da kuɗinsa a hannu. Dole baƙaƙen suka riƙe makarantunsu, irin su Howard a Washinton, Morehouse da Spelman a Atlanta, da Lincoln inda Azikiwe da Nkrumah suka yi karatu. Daga baya aka kafa gidauniyar Jackie Robinson a 1973, da asusun Thurgood Marshall a 1987. Na kawo maka wannan ne saboda wani hali namu da ke ba ni kunya. Za ka ga mutuminmu yana raina baƙaƙen Amurka, yana hana 'ya'yansa hulɗa da su, amma ranar cike fom shi ne kan gaba wajen cewa yaro ya rubuta baƙar fata. Alhali iyayen mutanen nan ne suka sha duka da ɗauri kafin ƙofar ta buɗe, mu zuwa kawai muka yi muka shiga.

To, inda gizo ke saƙa shi ne takarda. Galibin tallafin na ɗan ƙasa ne, ko mai katin zama na dindindin. Haka kuɗin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA: iyakarsa a 'yan shekarun nan dala 7,395 a shekara, kuma wanda ya shigo da bizar karatu ba shi da rabo a ciki. Yaronka ɗalibin waje ne a wurinsu, layinsa daban. Ya nemi bayanin shirin Gidauniyar Mastercard na 'yan Afirka, da jami'o'in da ke ɗaukar nauyin 'yan waje daga aljihunsu, ya kuma tuntuɓi ofishin EducationUSA a Abuja, masu ba da shawara kan karatu a Amurka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo masa gurbi, ɗan damfara ne.

Mu a nan Bronx, cikin birnin New York, yaran da suka riga suka shiga jami'a ne ke jan na baya. In lokacin cike fom ya yi, sukan zauna a ɗakin ƙasan masallaci da kwamfutocinsu, iyaye na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ka ga dattijo direban tasi da takardun harajinsa a leda, ya riƙe gam, don yarinyar da za ta duba abin da yake samu a shekara 'yar abokinsa ce. Sai an lallashe shi, an juya masa kwamfutar ya buga lambobin da kansa. Bayan haka sai gardamar bashi: gwamnati na ba da rancen karatu amma da ruwa, iyaye da yawa kuma ba sa so saboda riba. Shi ya sa muke bin kyautar nan ido rufe. Akwai kuma maganar 'ya mace ta kwana a makaranta. Na san gidan da aka bar tallafi mai tsoka a wata jiha saboda wannan, yarinyar ta yi karatunta a nan cikin gari tana zuwa daga gida. Ban ga laifin uban gaba ɗaya ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

A ganina ma abin da ya fi kuɗin amfani shi ne hanyar samun aiki. A gida yaro na gamawa sai a kai shi wurin kawunsa a ma'aikata. Nan wa direban tasi ya sani a banki? Ƙungiyoyi irin su INROADS, wadda aka kafa a Chicago a 1970, su ke tsaya wa yaro: su sama masa aikin hutu a kamfani da albashi, su haɗa shi da wani babba mai ba shi shawara, su koya masa amsa tambayoyin masu ɗaukar aiki. Masu karatun injiniya kuma suna da NSBE, ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata. Sauran, kamar yadda za ka nemi izinin fita Juma'a, a wurin yayyensu suke koya.

Abubuwa sun ɗan sauya. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, daga nan shirye-shirye da dama suka buɗe wa kowa, suka koma duba ƙarfin iyaye da ko yaro ne na farko a gidansu da zai shiga jami'a. Yawancin yaranmu nan ma sun cika sharaɗi.

Ka turo mini hoton sakamakon WAEC ɗinsa da fannin da yake so. Za a nemi ya rubuta bayani a kan kansa, don Allah kar a kai wa mai shagon kwamfuta, ya rubuta da hannunsa, 'yarka ta nan za ta duba masa. A gaida mutan gida.